Gam Ɗin Da Ya Ƙi Saki

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, ni ma aka yanko ni. Ina zamana lafiya a wani ofishi a Kano, akawu ne ni, da teburina da fankata da mai shayin da ya san yadda nake son nawa, sai ga takarda wai kowa ya koma jiharsa. Aka loda mu a mota, mu da fayilolinmu, kamar buhunan gyaɗa. Wasu suna ta murna, wai an samu 'yanci. Ni dai abin da na samu shi ne benci guda a wani ofis a Gwaram, mu huɗu a kai, sai kuma tsohon ɗakina a gidanmu na Birnin Kudu, wanda na baro da daɗewa ina ganin na gama da shi.

Ban kama haya a Gwaram ba, iyalina ma a Kano na bar su. Na riƙa ce wa mutane saboda Inna ne, mahaifiyata, wadda ta rage ita kaɗai a gidan tun rasuwar Baba. Gaskiyar magana, zuciyata ce ta ƙi yarda cewa zaman ya tabbata. Saboda haka kullum ina hanya. Bas ba ta tashi sai ta cika, ba ta cika sai rana ta ɗaga, in ta tashi kuma kowane ƙauye sai ta tsaya an sauke akuya an ɗauki buhu. In na isa ofis babu aikin kirki, don rabin takardun suna can a ɗaure ba a kwance ba. In na dawo gida dab da magariba, jikina kamar an daka ni a turmi. Ban taɓa sanin zaman banza yana gajiyar da mutum haka ba sai a shekarar nan.

Mahaifina gyartai ne, mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya. Amma makaɗa sun fi matan gari saninsa, domin duk mai goge ko garaya ko kukuma da ke wannan yanki, daga Birnin Kudu har Basirka, zaurenmu yake kawo kayansa. Ya ɗinke tsaga, ya ɗora fata, ya gyara wuya. Na koyi ɗinkin daidai gwargwado a lokutan hutun makaranta, amma gam ɗin da yake liƙa fata da shi ban taɓa tsayawa kusa da shi ba. Inna ce take dafa shi a wani kasko da ba a taɓa shi da komai sai shi, kuma in yana kan wuta har maƙwabta sun san yau ana dahuwa a gidan gyartai. Wari ne mai bin tufafi. Ranar dafa shi ni a waje nake yini.

Akwai abin da na lura da shi tun ina makaranta, na kuma yanke masa hukunci ni kaɗai. Mutanen nan da ake yi wa gyara ba sa daina dawowa. Da faɗuwar ruwan farko za ka gan su, in rani ya kama ka sake ganinsu, su ɗin dai, da kayansu ɗin dai. Ni da na yi boko sai na ce a raina, ai gam ɗin Baba ne ba shi da ƙarfi, shi ya sa aikinsa ba ya ƙarko. Ban taɓa tambaya ba. Wanda ya riga ya san amsa me zai kai shi tambaya?

Wata Asabar da hantsi, cikin kaka, ina kwance a zaure ina jin rediyo, sai wani dattijo ya yi sallama. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, yana rataye da jakar fata. Na gane shi, mai goge ne daga wani ƙauye kusa da Basirka, cikin masu zuwa wurin Baba.

"Kai ne ɗan gyartai?"

"Ni ne, Baba. Sannu da zuwa."

"An ce ka dawo."

"An dawo da ni dai."

Ya yi dariya, ya zauna, muka gaisa, ya yi wa mahaifina addu'a. Sannan ya kwance jakar ya fito da gogen a hankali. Kumbon, wato ƙwaryar da ke jikinsa, ya yi baƙi yana sheƙi saboda shekarun da ya yi a hannu. A wuri uku na ga ɗinkin Baba, ƙanana, a jere, irin wanda ban taɓa iyawa ba. Fatar guzan da aka rufe bakin kumbon da ita ta ɗaga a gefe guda, kamar tsawon yatsa, kuma a ƙarƙashinta akwai 'yar siririyar tsaga.

Ya ce gogen na mahaifinsa ne, da shi ya koya, bai taɓa riƙe wani ba. Ya ce shekara biyu ke nan ba wanda ya kira shi wasa, kowa ya sayi kaset, a danna a yi rawa a kashe. Sai ga shi bana mutanen wani ƙauye a bayan Sara za su yi kalankuwa, dattawansu suka ce ko shi ko a fasa.

"Saura kwana goma sha biyu," in ji shi. "In na je muryarsa ta fita, za a sake tunawa da ni. In ban je ba, shi ke nan kuma. Ka yi mini irin na babanka, ɗana."

Inna tana jinmu daga bakin ƙofar cikin gida. Suka gaisa da shi, ta ce, "Kwana tara ya isa, Malam, in an kawo mini guntayen ƙirgi da ƙaro gobe." Sannan ta juyo wajena. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. "Kai, ka ji ko?"

Na ce na ji.

Lissafinta a fili yake. A jiƙa guntayen ɗanyar fatar saniya kwana uku, a dafa yini guda a kan garwashi tare da ƙaro, a tace da tsumma, a shafa da ɗuminsa, a ɗaure, a bar shi kwana biyar a inuwa. Ba abin da ke da wuya a ciki. Aikina ɗaya, in je wajen majema in karɓo ƙirgi, in biya kasuwa in sayo ƙaro.

Lahadi na ce bari in huta, ai da sauran lokaci. Litinin na dawo majema sun tashi. Talata bas ta lalace mana a hanya, muka yini a gindin wata tsamiya. Laraba ban ma tuna ba. Kullum in na shigo Inna takan miƙo mini ruwa ta ce, "Kai, ƙirgin fa?" in ce, "Gobe, Inna." Tsagar dai na ɗinke ta wata safiya kafin in fita, ɗinkin da ba zan yi alfahari da shi ba amma ya kama. Gogen yana rataye a zaure, in wuce shi da safe in wuce shi da yamma. Tun ina jin nauyinsa har na fara jin haushinsa, kamar shi ya dawo da ni daga Kano.

Ranar da ya rage kwana biyu a yi kalankuwar, ina tashar Gwaram ina jiran bas ta cika, sai ga wani mutum da faifan kaya yana tallar gam ɗin nan na 'yar mitsitsiyar roba da ake ce wa sufa gulu. A lokacin bai daɗe da shigowa ƙauyukanmu ba. Ya fasa kofin tangaran a gabanmu, ya ɗiga, ya haɗa, ya ƙirga goma, ya miƙa wa wani ƙato ya ce ya raba. Ƙaton ya yi ta nishi bai rabu ba.

"Wannan in ya kama, ya kama ke nan har tashin duniya," in ji mai tallar. "Ba ruwa, ba rana."

Wallahi daɗi na ji. Na ce ga abin da Baba ya rasa duk rayuwarsa. Ba jiƙo, ba wari, ba mai sake dawowa ya tashe ka daga kwanciya ranar Asabar.

Na dawo na tarar Inna ta shiga maƙwabta barka. Na sauko da gogen, na ja fatar ta zauna, na ɗiga. Da na ga yadda ya kama nan take, sai na ce me zai hana in yi aiki gaba ɗaya, na bi bakin kumbon kaf na zagaye shi, har inda bai ɗaga ba. Na ga ƙwaryar tana shanye shi kamar busasshiyar ƙasa, na ƙara. Ko kwata na awa ban yi ba na gama, yatsuna biyu sun liƙe da juna.

Inna ta shigo ta ga gogen a jingine. Ta ɗauka ta kai hanci.

"Da me ka liƙa?"

Na nuna mata. Ta juya 'yar robar a tafin hannunta.

"Yana saki kuwa?"

"Ai amfaninsa ke nan, Inna. Ba ya saki."

"Kai, ai fata ba a..."

"Inna, don Allah, na gaji."

Ta dube ni, ta ajiye robar a kan tabarma, ta ce, "To, Allah ya kyauta." Ta shige ciki.

Washegari da sassafe dattijon ya zo. Shi ma abin da ya fara yi ke nan, ya kai gogen hanci. Ya sake shaƙa.

"Ban ji warin ba."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, kuma ba wani abu ba ne mai tsawo. Amma na tuna ya ce irin na babana, ga shi ina sauri kada bas ta farko ta wuce ni. Sai na ji bakina ya ce, "Inna ce ta canja haɗi, Baba. Wannan ba ya wari."

"Ah to, in ita ce ai ba magana."

Ya gyara jaki, ɗan itacen da ke tallafe tsagiya, ya shafa ƙaro a izga, ya goga. Ban san goge sosai ba, amma abin da ya fito daga baƙar ƙwaryar nan ya sa na manta da bas. Murya ce mai kauri, da 'yar dishewa a ƙasanta, kamar ta tsohuwa mai rarrashin jika. Ya tsaya ya karkata kai ya ce ta ɗan yi tsini, amma za ta zauna. Ya sa mini albarka har na ji kunya, ya tafi.

Kalankuwa ta yi kyau. A bas na ji labarin daga bakin wani mai kai albasa, wai tsoho ya tayar da tsofaffi, har waɗanda ke dogara sanda sun shiga fili. Bayan mako guda ya aiko wa Inna da ƙwaryar riɗi. Muka ji an kira shi biki a Sara, an kira shi wani a Basirka, an sa masa ranar na uku. Na ce wa Inna, "Kin gani ko?" Ita kuwa riɗin ma rabar da shi ta yi.

Da rani ya kama sosai, sai ga shi wata Asabar, fuskarsa a sake, da sabuwar hula.

"Na kawo a sassauta masa," in ji shi. "Ya fara ɗaurewa. Ina da biki ran Alhamis."

Na ce, "Wani abu ya ɗaga ne, Baba?"

Ya dube ni da mamaki. "Ba abin da ya ɗaga. Lokacin sassautawa ne ya yi."

A ranar, ina da 'ya'ya uku da furfura a gemu, na fahimci abin da ke dawo da makaɗa zaurenmu. Fata ko ta rabu da dabba ba ta daina motsi. Da damina ta sha laima ta saki, murya ta mutu, sai a ɗaga bakinta a ja ta. Da rani ta bushe ta ɗaure, tana jan bakin kumbo ciki, in ba a ɗaga an rage mata ba ko ta yage ko ta fasa ƙwaryar. Gam ɗin Inna an yi shi ne don ya riƙe, kuma a ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma rabin yini ya saki ba gardama, a gyara, a mayar. Abin da na shekara ashirin ina kira rashin ƙarfi, shi ne aikin gaba ɗaya.

Inna ta fito da kanta. Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta naɗe bakin kumbon, ta ajiye a inuwa. Na san ta san abin da ke ƙarƙashin tsumman, amma ta yi, ko Allah zai sa a dace. Dattijon ya zauna yana ba mu labarin bukukuwa, wa ya yi rawa, wa ya yi kuka da ya ji taken mahaifinsa. Aka yi azahar, ta taɓa da farce, ko gezau. Ta canja ruwa. Aka yi la'asar, ta sake taɓawa. Bakin fatar yana nan kamar an zuba masa gilashi.

Shi ma ya sa babban yatsansa ya gwada. Ya daɗe yana shafa wurin, sannan ya ɗaga kai, cikin ladabi, ya ce, "Uwar gida, wannan sabon haɗin naki ya ƙi jin ruwa."

Sai a lokacin Inna ta san abin da na faɗa masa. Ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma, ina jiran ta faɗa, rabin zuciyata ma so take ta faɗa a huta.

"Tsufa ne, Malam," in ji ta. "Hannuna ne ya kuskure. Ka yafe ni."

"Haba, uwar gida, wa ya fi ƙarfin kuskure? Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ni kuwa ina zaune, da bakina da komai, na bar ta ta ɗauki laifina.

Barinsa haka ba zai yiwu ba, don fatar tana ƙara ɗaurewa kullum, ga zafi yana tafe. Dattijon ya kwana a zaurenmu, da safe na ce bari in gwada da reza, in bi tsakanin fata da ƙwarya a hankali. Ya ce in gwada. Na bi kamar faɗin yatsa biyu lafiya. Amma gam ɗin bai tsaya a sama ba, ya shiga naman ƙwaryar ya busar da shi. Na ɗan karkata rezar sai na ji ƙas. Bakin kumbon ya ɓalle, tsagar da na ɗinke ta buɗe, ta zarce ƙasa ta ratsa ɗinkin Baba guda biyu. Fatar da ta daɗe tana ja ta ƙarasa sauran. Kumbon ya rabu a cinyata.

Dattijon bai yi salati da ƙarfi ba, bai zage ni ba. Ya miƙo hannu biyu na zuba masa. Ya yi ta haɗa ɓangarorin yana duba ko za su ɗinku, amma gefen ya rududduge, babu inda basilla za ta kama. Ya aika wa masu bikin Alhamis cewa su nemi kaset.

Na ɗauki hutun kwana biyu a ofis, abin da ban yi tunanin yi ba a lokacin da yake da amfani. Na je wajen majema. Daga ƙofar gidanmu zuwa can ko minti goma ban yi ba, suka tattara mini guntayen ƙirgi suka ce in gaida Inna. Na samo ƙaro, na zaɓo kumbo mai kauri, wani maharbi ya samo mini fatar guza. Ranar dahuwa Inna ta ajiye mini kujera a gaban kaskon ta miƙo mini kara.

"Juya, kada ya kama."

Na yini ina juyawa, warin yana shiga har maƙogwarona. Lokaci-lokaci ta ɗiga a yatsa ta haɗa da babban yatsa ta raba, tana duban zaren da yake yi. Ba ta tayar da maganar ba sai sau ɗaya, tana kallon wuta. Ta ce, "Tun ina amarya nake dafa abin nan. Ba a taɓa cewa nawa ya ɓata kayan wani ba sai bana." Na buɗe baki, ta ce, "Juya."

Sabon gogen ya yi kyau, ba yabon kai ba. Muka mayar masa da tsohon wuyan da jakin da izgar. Dattijon ya zo, ya kai hanci, ya yi murmushi ya ce, "Yauwa, ga shi nan." Ya goga. Murya ta fito tas, siririya, mai tsabta, irin ta kowane goge. Ya yi taken nan da ya yi a zauren ranar da ya karɓi tsohon gogen, bai kai rabi ba ya tsaya.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Sabon kumbo sai ya sha hannu shekaru kafin bakinsa ya buɗe. Na babana ma haka aka ce ya yi." Ya dubi hannuwansa. "Ajiye mini shi tukuna, zan aiko."

Ya zuba ɓangarorin tsohon kumbon a jakarsa ya rataya, ya bar sabon a jingine da bango.

Bai aiko ba. Sau ɗaya na sake ganinsa, a kasuwar Sara, bas ɗinmu ta tsaya sauke kaya na hango shi zaune a bayan tulin igiyoyin rama yana sayarwa. Na sauka na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Yaya uwar gida? Ka ce mata don Allah kada ta sa abin nan a ranta. Kowa yana tsufa."

Maganar tana bakina, na rantse tana bakina. Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran 'yan Birnin Kudu. Na ce, "Za ta ji, Baba," na ruga don kada a cinye mini wurin zama.

Damina biyu bayan nan muka ji rasuwarsa. Inna ta bi shi ba da daɗewa ba. Ya tafi yana ganin hannunta ne ya kuskure, ita kuma ba ta taɓa ce mini in je in gyara ba, ni ma ban je ba. Jihar da nake ganin zaman wucin gadi ce, a cikinta na yi ritaya.

Gogen yana nan rataye a zaure, bakinsa bai buɗe ba don ba mai goga shi. Amma sau biyu a shekara, da faɗuwar ruwan farko da kuma in rani ya kama, nakan sauko da shi in jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in naɗe bakin kumbon, in zauna ina jira. Kafin azahar ya saki.